Jibo Mai Faci da Kwanon Dusa

A Tsamiyar Bakari, wani gari da ke gefen hanyar Sae Sabuwa, babu wanda ya taɓa ganin Jibo mai faci ya buga ƙwallo da ƙafarsa, amma babu wanda ya kai shi buga ta da baki. Hujjarsa guda ce kuma ba ya gajiya da ita: duk ƙwallon da ta fashe a garin, wurinsa ake kawo ta ya liƙe. "Ku bayan balo kuka sani," in ji shi. "Ni na ga cikinta."

Kullum bayan la'asar sai ya rufe rumfar facinsa, ko da akwai mai babur tsaye da taya a hannu, ya nufi fadar hira da ke gindin dogon yaro, inda Ɗan Bala ke dafa shayi. Shekara goma sha biyu ke nan da aurensa, bai taɓa yin marece a gida ba. A bana kuwa fadar ba ta da zance sai na ƙungiyar kolejin garin, wadda ta yi wasa uku a jere ba ta jefa ko ɗaya a raga ba.

"Matsalar ƙungiyar ga Lurwanu ne," in ji Ɗan Bala, yana ɗaga buta sama. "Shi ne mai rabon balo a tsakiya, amma in ta zo mashi sai ya tsaya tunani kamar an kira shi lissahi gaban allo. Kahin ya ɗaga kai an amshe."

"Kai dai zuba muna shayi," in ji Ishaku tela. "Lurwanu na ba da pas, wa ke karɓa? Nura ƙahwarshi kamar ice, balo ta zo mashi ta koma inda ta hito. Mas'ud kuwa in an ba shi gabas sai ya ruga yamma."

Jibo ya bari suka gama, don yana son a ji shigowarsa. Ya kurɓi shayi ya ajiye kofin a hankali.

"Ku duka kun ɓace hanya. Laihin antirena ne."

"Kullum laihin antirena!"

"Kullum kuwa. Mai horon nasu, Mushe Mustafa, mutumin kirki ne, amma balo ba kirki ba ce. Ku ba ni yaran ga kwana bakwai, in maida Lurwanu abin da za a zo kallo daga Maraɗi."

An sha jin wannan magana, ana dariya a wuce. Sai ga shi a farkon hutun lakol, wato makaranta, matar Mushe Mustafa, malamin da ke horar da yaran, ta haihu a Agiye. Malam ya hau mota ya tafi, ba zai dawo ba sai bayan suna, ga kuma wasa da kolejin Tudun Audu ranar Asabar. Shugaban makarantar yana neman wanda zai tsaya wa yara kawai kada su yi faɗa. Kafin ya rufe baki Jibo ya iso da hular sanyi da usur a wuya.

Da yamma ya shigo fada yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta. Ɗan Bala ya dube shi sama da ƙasa, ya ciro wayarsa.

"To antirena, in ba a ci ba hwa?"

"Ba a ci ba? Ɗauki da kyau a wayar taka. Ni Jibo, in ranar Asabar Lurwanu bai ba da pas an saka a raga ba, kada in ƙara yi ma wani ɗan Adam zancen balo a garin ga. Ko an tambaye ni."

Kowa ya san abin da Jibo ya ɗora a kan tabarma. A raba shi da rumfar faci zai yi haƙuri, a raba shi da abincin dare zai kwana, amma a rufe masa baki a kan ƙwallo daidai yake da a ce kada ya yi numfashi. Kafin magariba Ɗan Bala ya tura muryar wa duk mai waya a garin, har da waɗanda ke ci-rani.

Filin kolejin gonar gero ce da aka share, an kafa itacen dogon yaro biyu a kowane gefe aka gitta na uku a sama. Ta gabas burtali ne, ta yamma kuma Samira ce ke soya awara ga 'yan kallo. Da hantsi Jibo ya tara yaran ya ce yau za su ga yadda ake ba da pas.

"Lurwanu, matso. Dubi ƙahwata, kada ka ƙihta."

Lurwanu ƙanen matarsa ne, yaro mai kunya, dogo siriri. Ya matso ya zuba ido. Jibo ya ja da baya taki goma, ya tofa yawu a tafin hannu, ban san dalili ba, ya rugo ya kai duka. Ƙwallo ta tsaya inda take ko motsi ba ta yi ba. Takalminsa na roba ne ya tashi sama, ya yi juyi biyu, ya sauka cikin kaskon Samira.

"Wayyo mai na!" Samira ta miƙe da matsami a hannu. "Jibo, awara nike soyawa ko hwaci?"

"Iska ce ta ɗauke shi, Samira."

"Iskar ta bar balo ta ɗauki takalmi? To zo ka ɗauka, ya soyu gehe guda, ko in juya maka shi?"

Yaran suka duƙar da kai, kafaɗu na rawa. Jibo ya karɓi takalminsa da ya lanƙwashe, ya juyo ya ce musu abin da suka gani shi ne yadda ba a ba da pas, kuma ya nuna musu ne da gangan don kada su taɓa yi.

Kashegari ta masu karɓa ce. Ya jera Nura da Mas'ud ya ce ai ƙwallo baƙuwa ce, da ƙirji ake tarbar ta, a sauke ta a hankali. Ya tsaya a bakin fili ya buɗe ƙirji, ya ce wa Lurwanu ya aiko da ƙarfi. Lurwanu ya yi biyayya. Ƙwallon ba ta sami ƙirji ba sai ta sami maƙogwaro, Jibo ya yi baya-baya yana kaɗa hannuwa, ya zauna daram cikin ƙarangiyar da aka share aka tara a gefe. Wandonsa ya tsage daga gwiwa har ƙugu.

A shagon Ishaku ya ƙarasa ranar, ɗaure da zanen aro, tela na ɗinki yana cire ƙaya ɗaya-ɗaya.

"Ka tarbi baƙuwar da kyau," in ji Ishaku. "Ita ce ta ba ka tsarabar ga?"

"Ɗinka abin da aka ba ka. Yaron bai iya aikowa ba."

"Ashe ka koma bayan Ɗan Bala, laihin Lurwanu ne?"

"Ban ce ba. Laihin wanda ya koya mashi ne."

A rana ta uku ne babbar dabara ta sauko masa. Tunda tunani ne ke ɓata wa Lurwanu lokaci, to ya daina tunani gaba ɗaya. Antirena zai yi masa tunanin daga bakin fili, shi dai ya buga inda aka ce. Jibo ya yi ta ihun "Hagu! Dama!" har muryarsa ta dushe. Ya koma ga usur, sai Nura ya tuna masa ranar wasa alƙali kaɗai ke da ikon busawa. Ya dawo gida da azahar yana neman abin da zai yi ƙara, idonsa ya faɗa kan wani tsohon kwanon ƙarfe da ke jingine a bakin garke.

Matarsa Sumayya na kiwon jajayen awaki guda tara, babbarsu wata uwar garke mai ƙaho ɗaya da rabi, ana ce mata Gimbiya. A garin nan kowace safiya mata na miƙa dabbobinsu ga Jaye makiyayi ya tafi da su daji. Da marece in ya kawo su bakin gari, kowace mace sai ta dama dusa a kwano, ta tsaya ƙofar gida ta buga kwanon da icce ba ƙaƙƙautawa, awaki su watse a guje kowace ta nufi inda aka saba ba ta. Yaron goye ma ya san wannan ƙara. Jibo kaɗai ne bai taɓa lura ba, don a lokacin yana gindin dogon yaro yana gyara wa duniya ƙwallo.

Ya ɗauki kwanon ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta tashi garau, ta yi masa daɗi har cikin rai.

"Baban Nazira, ina za ka da kwanon dusa?" in ji Sumayya daga madafa.

"Aikin ƙasa."

"To in da hantsi ne ba komi. Amma kada ka buga shi da marece, don..."

"Sumayya, ke da balo mi ya haɗa ku? Ina tsoma baki cikin miyarki?"

Ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da mace ke yi in ta yanke shawarar barin mutum da halinsa.

"Shi ke nan. Kwanon dai na Inna ne, da shi ta yi kiwo. Ya dawo mani kamar yadda ya tahi."

Tsarin mai sauƙi ne. Bugu ɗaya, Lurwanu ya aika hagu wurin Nura. Bugu biyu, dama wurin Mas'ud. Bugu ba tsayawa kuwa, kowa ya ruga gaba, har mai tsaron gida. Kwana uku suna gwadawa da hantsi, awaki na can daji, kuma abin haushi sai tsarin ya yi ta aiki, tunda babu abokin hamayya a filin. Jibo ya daina gaisawa da hannu ɗaya. A fada ya ce shi ba ya son a gode masa, a dai tuna a garin nan aka fara.

Ranar Asabar bayan la'asar gari ya fito. 'Yan Tudun Audu suka iso cikin amalanke uku da babura, da ganga da masu guɗa. Samira ta ja kaskonta baya taki ashirin. Ɗan Bala ya kawo gawayinsa bakin fili, Ishaku na gefensa. Jibo ya tsaya a tsakiyar layi da kwano a hannun hagu, muciya a dama, ya ɗaura igiyar kwanon a wuyan hannu don kada ya ɓata.

Alƙali ya busa. Lurwanu ya sami ƙwallo, maimakon ya dubi fili sai ya dubi mijin yayarsa. Ƙwal! Ya aika hagu, Nura ya tare ta da ƙauri ta fita waje. Aka sake. Ƙwal, ƙwal! Ya aika dama, Mas'ud ya tsaya yana ƙirga bugun da yatsa har ƙwallon ta wuce shi.

Abin da Jibo bai lissafa ba shi ne, 'yan Tudun Audu ma suna da kunne. Cikin minti goma suka gane karatun. Da ya buga ɗaya sai 'yan kallonsu su ɗauka baki ɗaya, "Hagu!" Da ya buga biyu, "Dama!" Masu tsaron bayansu har suna riga Nura da Mas'ud isa wurin. Wani gajeren yaro nasu ya tare pas ɗin Lurwanu, ya yanke mutum biyu, ya zura ƙwallo tsakanin itatuwa. Ɗaya da nema.

"Antirena!" in ji Ɗan Bala da ƙarfi. "Ka rage murya, baƙi na jin sirrinmu!"

A hutun rabin lokaci Lurwanu ya matso, gumi na zuba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya Jibo, don Allah ka bar ni in buga da idona. Ina ganin wuri a buɗe amma sai in jira kwano."

"Idonka ne ya kai mu wasa uku ba ci. Ka bi kwano."

"Amma sun gane..."

"Sun gane biyu. Na ukun hwa? Shi na ɓoye ma ƙarshe."

Aka koma. Rana ta yi ƙasa, inuwar itatuwan raga ta miƙe har tsakiyar fili, ci bai canza ba. Jibo ya hango Ɗan Bala na ɗaga masa waya yana murmushi, ya hango kansa zaune a fada shekara da shekaru ana zancen ƙwallo shi yana kallon gawayi. Tsoro na gaske ya kama shi. Alƙali ya ɗaga yatsu biyar, alamar saura minti biyar. A daidai lokacin Jaye ya ɓullo ta burtali, sanda a kafaɗa, da awakin gari gaba ɗaya a gabansa, sun wuni ba su ga dusa ba.

Jibo ya cika huhu da iska, ya ɗaga muciya, ya hau kwanon da duka ba tsayawa.

Yara goma sha ɗaya suka ruga gaba, har mai tsaron gida. A burtali kuma Gimbiya ta ɗaga kai. Wannan ƙarar tun tana 'yar ƙarama ta san ta. Ta yi kuka guda ta yanko a guje, takwas na gidansu a bayanta, sauran awakin gari kuma da suka ga uwar garke ta ruga ba su tsaya tambaya ba.

"Kai! Kai! Wa ke buga kwano a nan?" Jaye ya biyo su yana kaɗa sanda. "Wace mata ce wannan marar hankali?"

Awaki fiye da ɗari suka keta layi suka cika fili. Alƙali ya sa usur a baki, wani bunsuru ya bi ta tsakanin ƙafafunsa, ya zauna a ƙasa usur ɗin ya faɗi. Ƙwallo kuwa tana ƙafar Lurwanu. Ya waiga neman kwano bai ga komai ba sai jajayen bayan awaki, don haka a karo na farko cikin kwanakin nan ya dubi fili da idonsa. Ya kauce wa akuya, ya tsallake ɗan akuya, ya yanke gajeren yaron nan, ya ɗaga ƙwallo sama a hankali zuwa bakin raga. Ko masu ganga sai da suka tsaya. Nura ya yi tsalle ya wuce ta ƙarƙashinta. Mas'ud ya zame. Gimbiya ce ta iso wurin a guje, ƙwallo ta sauka daidai kan ƙahonta mai lafiya, ta karkata ta shige raga.

"An ci!" Jibo ya yi ihu da dusasshiyar muryarsa. "Pas ɗin Lurwanu! An ci!"

Ya ɗaga kwanon sama yana murna, nan awakin suka gane inda dusarsu take. Suka juyo kansa gaba ɗaya. Ya ja da baya, suka matso. Ya ce "Kai, tahi!" wata ta kama bakin rigarsa. Sai ya arce. Kwanon na ɗaure a hannunsa, duk takun da ya yi sai ya bugi gwiwarsa ya yi ƙara, duk ƙarar kuma sai awaki su ƙara wuta.

"Yar da kwanon!" in ji Ishaku, hawaye na zubo masa don dariya.

"Na Inna ne!"

Ya zagaya filin sau ɗaya da rabi, 'yan Tudun Audu na bin sa da kiɗa. Da numfashi ya ƙare sai ya daka tsalle ya kama itacen saman raga ya naɗe ƙafafu. Itacen ya yi haƙuri da shi na ɗan lokaci, sannan ya karye. Jibo ya faɗo tsakiyar awaki, ɗinkin Ishaku ya sake buɗewa daga gwiwa har ƙugu, Gimbiya ta tura kai cikin kwanon ta tarar babu komai, ta ɗago ta dube shi ta tunkuye shi a kafaɗa.

Da aka kore dabbobi aka ɗaga shi, bai nemi zane ba, sai ya nemi alƙali.

"Malam arbit, pas ɗin Lurwanu ne, kowa ya gani."

"Na gani. Wa ya saka?"

"Gimbiya."

"Aji nawa take a kolej?"

Aka tashi ɗaya da nema. Sumayya ta ratso jama'a, ta kwance igiyar daga hannun mijinta, ta juya kwanon ta duba inda ya lotsa.

"Da marece, Baban Nazira," in ji ta. "Abin da nike son in hwaɗa maka ke nan."

Kwana biyu bai fito ba. A na uku ƙafa ta kai shi gindin dogon yaro ba da shawararsa ba. Aka matsa masa wuri, aka ba shi shayi, Ɗan Bala ya ajiye wayar a kan tabarma inda zai gan ta.

"Ni dai na janye maganata," in ji Ɗan Bala. "Lurwanu ba shi da laihi. Kun ga pas ɗin da ya ba da ranar da aka bar shi da idonshi?"

"Ni ma na sassauta ma masu karɓa," in ji Ishaku. "Yaro na ƙirga kwano, ina zai ga balo?"

"To ashe laihin wa ne?"

Suka dafa haɓa kamar masu nazari. Sannan Ɗan Bala ya tafa hannu.

"Jama'a, mu ji tsoron Allah mu ba mai gaskiya gaskiyarshi. Shekara nawa Jibo na hwaɗa muna? Laihin antirena ne!"

"Laihin antirena ne!" fada ta amsa baki ɗaya.

Tun da Jibo ya fara zama a wurin ba a taɓa yarda da maganarsa ba sai ranar. Amsoshi bakwai suka taso masa a maƙogwaro, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau. Ya buɗe baki, ya dubi wayar, ya rufe. Ya shanye shayin da zafinsa ya miƙe.

A ranar ya fara yin marece a gida. Sumayya ta dama dusa ta miƙa masa kwanon, ta ce tunda ya iya bugu sai ya riƙa yi. 'Yarsu Nazira ce ta ba da labari a rijiya, cewa ta leƙa garke ta tarar da babanta tsugune gaban Gimbiya, yana zana layi a ƙasa da tsinke, yana magana ƙasa-ƙasa don kada ɗan Adam ya ji.

"Ke dai kin gani da idonki," in ji shi. "Duk garin ga ke kaɗai kinka gane tsarin. Da ina da irinki biyu a gaba, da yanzu wani zance ake."

Gimbiya ta cinye tsinken ta koma kan dusarta.